Jirgin fito a tafkin Madarunfa: yadda shan mai ya sauko daga lita 16 zuwa 9 a rana

Wurin, jirgin da mai shi (2021 zuwa Mayun 2023)

Tafkin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya. Idan damina ta yi kyau, Gulbin Gabi ya kawo ruwa, faɗinsa kan kai hekta 800. Da rani sai ya tsuke, ya bar wa masu lambu fadama. Ba shi da zurfi ƙwarai, inda ya fi zurfi ma bai wuce mita 5 ba. Mafi yawan jiragen da ke kansa ƙananan kwale-kwalen masunta ne da ake tuƙawa da hannu. Baƙi kuma ba sa yankewa, saboda kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara a kewayensa.

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne da ya haura shekara 40, ya kuma gaji su daga mahaifinsa. A 2021 ya sayar da bijimai biyu ya sayi jirgin katako mai tsawon mita 7, faɗin mita 1.4 a tsakiya. Ba don inji aka ƙera jirgin ba. Kafinta ne ya yanke gindinsa, ya buga masa allon baya mai tsayin santimita 40 don a sami wurin rataya inji. Injin kuwa na hannu ne, mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, mai doguwar ƙafa, nauyinsa kilo 37.

Sana'ar ita ce fito. Da asuba ya zaga ya karɓo tarwaɗa da karfasa daga hannun masunta, da hantsi ya ƙetarar da mata masu kai zogale da kayan miya kasuwa, wani lokaci da masu ziyara. Zuwa da dawowa kilomita 6 ne, yakan yi sau biyar a rana idan ruwa ya cika, hanyar zagaye ta ƙasa ta zama taɓo. Yana da yaron jirgi ɗaya.

A waɗannan shekaru biyu bai taɓa auna man da yake sha ba. Fetur ɗin Najeriya yana kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi a kwalabe da bido a bakin kowace hanya, a farashin da bai kama ƙafar na gidan mai ba. Abin da kawai ya sani shi ne bido mai lita 25 ba ya kai masa kwana biyu.

Yunin 2023: mai ya yi tsada

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da biyu a can, kuma Maraɗi ta ji a jikinta nan take. Man kwalba ya zarce na gidan mai tsada, jama'a suka koma layi a gidajen mai, inda lita take sefa 540, wato dala 108, man da ake tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram.

Da mai jirgin ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga kusan jika 9, wato sefa dubu 9, ke tafiya a fetur kowace rana, ban da baƙin mai, ban da kuɗin mai babur da zai ɗauko masa bido. Ya ƙara kuɗin fito. Mata masu zogale suka ce gara su bi ta ƙasa ko za su lume a taɓo, ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na fasinjansa, dole ya mayar da kuɗin inda yake. Akwai ranakun da bayan ya biya mai ya sallami yaro, abin da ya rage bai isa cefane ba.

Yuli zuwa Agustan 2023: an taɓa inji

Tunaninsa na farko, da na duk wanda ya nemi shawararsa, shi ne injin ne ya tsufa ya zama maciyi. Abu uku aka yi masa a jere.

Da farko ya rage baƙin mai. Ƙa'idar irin wannan inji ita ce kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato kusan rabin lita a tanki mai lita 24. Ya koma zuba rabin haka, kuma ya bar man da aka yi don injin ruwa ya koma na babur mai arha.

Na biyu, wani ya ce masa babbar farfela ta fi cin hanya. Kowace farfela tana da taku, wato nisan da ya kamata ta tura jirgi a juyi ɗaya, ana buga shi da inci a jikinta. Tasa mai taku 10 da rabi ce, bakinta ya ɗan gutsure. Ya sayo mai taku 12. Jirgin bai ƙara gudu ba. Sautin injin ya yi nauyi, hayaƙi ya ƙaru, fulogi ya riƙa yin baƙi yana jiƙewa, sai an kwance an goge kusan kullum.

Na uku shi ne ya jawo asara. Ya kai injin wurin wani makanikin babura a Maraɗi, wanda ya canza ɗan bututun da ke auna fetur a cikin karbureta ya sa mai ƙaramin rami. Kwana uku na farko man ya ragu kaɗan, kowa ya yi murna. A tsakiyar mako na biyu, da cikakken lodi a tsakiyar tafki, injin ya canza murya, ya ja, ya tsaya cak. Da gora da filafili aka kawo fasinja gaɓa. Da aka buɗe, fistan ya goge jikin silinda, ringi ya manne. A irin wannan inji, fetur ɗin da ke shiga shi ne ke ɗauke da baƙin mai, shi ne kuma ke taimakawa wajen sanyaya fistan. An rage mai, an rage fetur, an kuma ɗora masa farfelar da ta fi ƙarfinsa.

Lokacin ma bai taimaka ba. Bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya. Kayan gyaran da a da ake aikawa Kano a kawo cikin kwana biyu suka ɗauki mako uku, kuɗinsu ya ninka. Jirgin ya zauna a ɗaure a daidai lokacin da fito ya fi kawo kuɗi. An mayar da bututun karbureta na asali, an koma gaurayen 1 cikin 50. Farfela mai taku 12 dai ya bar ta a kai, don ya riga ya biya kuɗinta.

Satumban 2023: aka fara awo

Mutum biyu suka shigo cikin lamarin a wannan wata. Ɗaya ɗan ƙanwarsa ne, ɗalibin makarantar fasaha a Maraɗi da ke gida hutu. Ɗayan wani dattijo ne da ya yi shekaru yana tuƙa jirgin inji a Gaya, kan kogin Kwara, kafin ya dawo gida.

Dattijon bai ko taɓa injin ba. Yana zaune a gaɓa jirgin ya wuce da lodi, da aka sauke fasinja sai ya yafito mai shi.

"Ɗan nan, injinka lafiya lau yake. Ka taɓa tsayawa a tudu ka kalli jirginka yana tafiya?"

"A'a, Baba. Kullum ai ni ke ciki."

"To shi ya sa. Goshi a sama, gindi a nutse. Ka ga amalanken da aka jibga wa kaya a baya har ya ɗaga jaki? Haka kake tafiya. Ruwa kake haƙa, ba hanya kake ci ba."

Ɗalibin kuma tambaya ɗaya ya yi: "Kawu, lita nawa kake sha a fito guda?" Babu amsa. Daga nan suka tsara yadda za a auna. An zaɓi hanya ɗaya, daga matsaya zuwa ƙetare da dawowa, wayar ɗalibin ta nuna kilomita 6. Maimakon fasinja, an cika buhu 10 da yashi, kowane kilo 50, don lodin ya zama iri ɗaya kullum. An sa bututun mai a cikin jarka mai lita 5 da aka ja wa layi a wuya: a cika har layi, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa da kofin awo, abin da aka ƙara shi ne abin da aka sha. Da sassafe ake yi kafin iska ta taso, kowane gwaji sau biyu, a rubuta a littafi. Sun kuma sami ƴar na'urar ƙirga juyin inji, wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi.

Awon farko, da kaya a inda aka saba ajiye su, totur a ƙure kamar kullum: minti 30, lita 3.3. Gudu kilomita 12 a awa. Injin yana juyi 4,100 a minti, alhali irinsa ana so ya kai tsakanin 4,500 da 5,500 idan an ƙure shi. Fito biyar, lita 16 da rabi.

Sai suka aro sikelin masu sayen hatsi suka auna duk abin da ke zaune a mita ɗaya da rabi na ƙarshen jirgin. Inji kilo 37. Tanki cike, 21. Bido biyu na ajiya, 40, domin tun da mai ya fara wuya yake saye ya tara, ba ya kuma yarda ya bar su a gaɓa. Shi kansa 78, yaron da ke zama kusa da shi don hira 55. Dutsen da ake ɗaurewa a matsayin anga 22, akwatin sifana da tarkace 9. Jimla kilo 262. Da aka ɗaga katakon daɓe, sai ga ruwa kwance a ƙasa, duk ya gangaro baya. An kwarfe bokiti 8 masu lita 10, kilo 80 ke nan, tunda litar ruwa kilo guda ce. Kilo 342 a gindin jirgi tun fasinja bai sa ƙafa ba. Kuma rumfar tamfol ɗin da ke kare rana a baya take, don haka duk wanda ya shigo can yake nufa da kayansa.

Oktoban 2023: ruwan ciki da rabon nauyi

An ja jirgin tudu na kwana huɗu. Yawancin yoyon daga haɗin allon baya yake, inda girgizar inji ta sassauta ƙusoshi. An toshe da tsumma da kwalta, an ƙara ƙusa, an kankare gansakukar da ta lulluɓe cikinsa ta waje, aka shafa fenti. Awo: minti 28, lita 3.1.

Rabon nauyi ya fi cin lokaci. A gwajin farko sun wuce gona da iri. Suka kwashe komai suka kai goshi: anga, akwati, yaro, har da buhu shida. Goshin ya nutse yana tura ruwa gaba, feshi yana shigowa, jirgin ya riƙa karkacewa hagu da dama da kansa, mai tuƙi yana kokawa da hannun inji. Wajen karya kwana kuma farfela ta ɗago ta shaƙi iska, injin ya yi ƙara babu tafiya. Minti 29, lita 3.2, ga haɗari. Dattijon ya hana a maimaita.

Daga nan aka koma matsar da kaya kaɗan-kaɗan, shi yana gaɓa yana kallo yana nuni da hannu. Abin da ake nema shi ne, jirgi yana tsaye da lodi, ƙasan allon baya ya kasance yana taɓa ruwa da ƙyar, goshi kuma ya ɗan fi gindi tashi. Tsarin da aka tsaya a kai shi ne wannan. Bido biyu sun sauka daga jirgi gaba ɗaya, suna ɗaki a kulle, man yini kawai ake shiga da shi. Tanki ya matso gaba mita ɗaya da rabi, aka ƙara masa tsawon bututu, aka ɗaure shi a gefe inda iska ke ratsawa, nesa da masu shan taba. Anga da akwati suka koma ƙarƙashin bencin gaba, yaro ya koma goshi, inda dama ya fi amfani wajen hango taru da komar masunta. Kaya masu nauyi a tsakiya, a ƙasa, hagu da dama daidai. An zura wa hannun inji bututun roba mai kauri, tsawon santimita 60, mai tuƙi ya matso benci ɗaya gaba, an kuma ƙara tsawon igiyar kashe inji da yake ɗaurawa a hannu, don in ya faɗa ruwa injin ya mutu.

Awo: minti 26, lita 2.9. Kumfar da jirgin ke ja a baya, wadda a da take tafasa tana bin allo, ta kwanta.

Nuwamban 2023: zaman inji da farfela

A saman farfela akwai wani faffaɗan fiffike. Masu ƙera inji suna so ya zauna daidai da ƙasan jirgi, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce santimita 2 da rabi ba. Da aka ɗora sanda a cikin jirgin aka auna, sai aka ga ya yi ƙasa da santimita 11. Dalili a fili yake: inji mai doguwar ƙafa na allo mai santimita 51 ne, an rataya shi a kan mai 40. Shekara biyu yana jan ƙarin ƙarfe a cikin ruwa. Kafinta ya ƙara katako mai ƙwari na santimita 9 a saman allon, aka ɗaure da kusoshi masu noti da faranti na ƙarfe ciki da waje. An zuba ido kan fitsarin inji, ɗan ruwan nan da ke fita a gefe, don a tabbatar ramukan shan ruwa ba su fito sama ba. Bai yanke ba ko wajen karya kwana.

Ƙusar da ke riƙe karkatar inji kuma tana rami na huɗu, nesa da allo, abin da ke ƙara ɗaga goshi. Haka aka sayo injin, ba wanda ya taɓa ta. An gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya, na biyu ya fi dacewa, inda ƙafar injin ke tsayawa a miƙe idan jirgi na tafiya. Awo: minti 25, lita 2.8.

Sai farfela. An musanya mai taku 12 da mai taku 9. Juyi ya hau zuwa 5,100, sautin ya washe, fulogi ya daina jiƙewa, jirgin yana tashi da lodi ba nishi. Amma awon ya ba su mamaki: minti 24, lita 2.9. Man bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru, domin yanzu injin yana fitar da cikakken ƙarfinsa, yana kuma shan man da ya dace da ƙarfin. Ran mai jirgin ya ɓaci. Wata uku ana aiki, an kashe kuɗi, ragin bai kai rabin lita a fito ba.

Disamban 2023: totur

Duk awon da aka yi zuwa nan, da totur a ƙure aka yi shi. Irin wannan inji idan an ƙure shi yana shan wajen lita 7 a awa, ko jirgi na gudu ko yana ja. Duk gyaran da aka yi, a gudu ya fito, ba a mai ba.

Da ɗalibin ya dawo hutun ƙarshen shekara, ya ce, "Kawu, a da minti 30 kake yi, ba wanda ya yi ƙorafi. Mu koma minti 30 ɗin mu gani." Aka sassauta totur har waya ta nuna kilomita 12 a awa, gudun da jirgin ke yi a da da dukan ƙarfinsa. Lita 2.1. Aka sake sassautawa zuwa kilomita 10: minti 36, lita 1.6. Aka gwada kilomita 8: minti 45, lita 1.5. Ragin bai taka kara ya karya ba, ga ɓata lokaci, fulogi kuma ya fara baƙi, don haka aka bar wannan.

Ɗalibin ya dage a yi gwaji ɗaya na adalci. Aka mayar da kaya inda suke a da, har da bido biyu da ruwa bokiti 8, aka yi tafiya a kilomita 10 a awa. Lita 2.3. Wato a gudu iri ɗaya, rabon nauyi da bushewar ciki kaɗai suka kawo bambancin lita 0.7 a kowane fito.

An ɗiga jan fenti a hannun totur daidai inda ke ba da kilomita 10 da lodi.

2024: daga buhunan yashi zuwa mutane

Buhu yana zama inda aka ajiye shi, fasinja kuwa sai an lallaba. Mata sun saba zama a baya tare da kayansu, maza a gaba. Wata dattijuwa mai zogale ta ce masa, "Malam, ni ba na rabuwa da kayana, in ka raba mu sai in sauka." Ya ce, "Inna, ba za ki rabu da su ba, ga su nan a gabanki." Magana ba ta yi aiki sosai ba. Abin da ya yi aiki shi ne ɗauke rumfa daga baya a kafa ta a tsakiya. Mata suka bi inuwa da kayansu, maza suka rabu gaba da baya, bencin ƙarshe ya zama na mai tuƙi shi kaɗai. Ƙarin minti uku a kowace ƙetarawa, bayan mako guda ba wanda ya ƙara ambatonsa.

Da hunturu, iska na tayar da ƙananan igiyoyi da rana. Idan jirgi ya fuskance su da tsarin da aka yi a ruwa mai kwanciya, feshi na shigowa ta goshi. Sai yaro da mutum ɗaya su koma benci ɗaya baya, idan an juyo su dawo. A irin waɗannan ranaku man kan kai lita 2 a fito.

A Fabrairu mai jirgin ya yi tafiyar kwana goma ya bar wa yaro. Littafi ya nuna lita 13 a rana. Yaron ya amsa cewa da ya bar gaɓa yake murɗe totur, don abokansa na kallo. Faɗa bai hana ba. Sai aka canza tsari: kowace safiya a auna masa lita 10, abin da ya rage da yamma a raba kuɗinsa biyu, rabi nasa. Daga ranar jan fentin ya sami mai gadi.

Da rani ruwa ya ja baya, fito ya ragu zuwa biyu ko uku. A wuri mara zurfi jirgi yakan yi nauyi, gindi ya ƙara nutsewa idan an matsa masa, don haka ake bin tsakiya ko da an ɗan zagaya. Ɗaga injin da aka yi ya rage yawan kama ciyawa. Sau ɗaya zaren mamari ya naɗe bayan farfela, aka gano shi kafin ya yanka robar da ke hana ruwa shiga giya. Tun daga nan ake cire farfela a duba kowace Juma'a.

Najeriya ta sake buɗe iyaka a Maris, kayan gyara suka samu. A Yuli gwamnatin Nijar ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Daminar 2024, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a jihar Maraɗi, ta cika tafkin maƙil ta yanke hanyoyi, fito ya yi yawa. A nan wata jarabawa ta taso. Tunda jirgin ya rabu da ruwa da bido, ya tashi sama, kamar akwai sauran wuri, masu jira a gaɓa suna roƙon a ƙara mutum biyu ko uku. Dattijon ya sa aka ja farin layi a jikin jirgin ta waje: idan ruwa ya taɓa shi, ba mai ƙara shiga, ko wane ne. Daga rarar kuɗin mai aka sayi rigunan ruwa guda shida.

Matsakaicin abin da littafi ya nuna daga Agusta zuwa Nuwamban 2024, da fito biyar a rana: lita 9. A kan sefa 499, jika 4 da rabi ke nan, inda a da ake kashe kusan 9. Baƙin mai ma ya ragu daidai da haka.

Maris ɗin 2025

Ƙarancin fetur ya game Nijar, layuka suka yi tsawo a gidajen man Maraɗi, wani lokaci a wuni ba a samu ba. Lokacin rani ne, fito uku yake yi. Bido guda ya riƙa kai masa kwana huɗu, don haka bai ɗaure jirgi ba ko rana ɗaya.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina matsalar wannan jirgi ba ta taɓa zama ta inji ba, kuma duk kuɗin da aka kashe a kan injin a Yuli da Agustan 2023 asara ce tsantsa.

Jirgi idan yana tafiya yana tayar da igiya a goshinsa. Yana ƙara gudu, igiyar na ƙara tsawo, har a kai inda tsawonta ya yi daidai da na jirgin. A nan goshi yana kan tudun igiya, gindi ya faɗa kwarinta, jirgin ya koma hawan ruwan da shi ya tara. Ga jirgin da mita 6 da rabi na jikinsa ke cikin ruwa, wannan na faruwa wajen kilomita 11 zuwa 12 a awa. Jirgi mara nauyi mai babban inji yana iya haye igiyar ya zame a saman ruwa. Na katako mai nauyin fiye da tan guda, da doki 15, ba zai haye ba har abada. Mai jirgin nan kullum a wannan gudu yake tafiya, inda kowane ƙarin kilomita ke cin mai mafi yawa, ga kilo 342 na danna gindin da dama yake nutsewa. Allon baya kuma, da yake yankakke ne mai faɗi, idan ya nutse yana jan ruwa a bayansa.

Idan za a jera su bisa amfani, sassauta totur ne kan gaba, kuma bai ci ko dala ba. Amma ba daidai ba ne a ce sauran aikin banza ne, domin gwajin Disamba ya raba gardama: totur kaɗai da zai tsaya a lita 2.3, rabon nauyi da bushewar ciki ne suka kai shi 1.6. Haka nan da ba a gyara zaman jirgin ba, da rage gudu zai fi damun fasinja. Tsayin inji da ƙusar karkata sun ba da kaɗan, kuɗinsu ma kaɗan ne. Farfela ba ta rage mai a awo ba, lafiyar inji ta saya, kuma bayan abin da ya faru da fistan ina ganin ta cancanci kuɗinta.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne jarkar nan mai layi a wuya. Kafin ta, kowace shawara daidai take da ƴar'uwarta, ta makaniki da ta mai sayar da farfela da ta abokin hira. Bayan ta, ko shawarar dattijon sai da ta bi ta kofin awo. Ita ce ta nuna kuskuren jibge kaya a goshi tun a gwaji ɗaya, ita ce kuma ta tona yaron jirgi.

Akwai abin da bai warware ba. A kilomita 10 a awa jirgin ba ya amfani da ko rabin ƙarfin injin, kuma inji mai gauraye yana ɓarnar mai idan yana aiki ƙasa da ƙarfinsa sosai. Mai doki 8 zai yi wannan aikin, ya fi sauƙin nauyi a gindi, zai kuma sha ƙasa da haka. Mai jirgin ya san da wannan, amma yana son ƙarfin ajiya saboda ranar da hadari zai taso yana tsakiyar ruwa da mata da yara, kuma ban ga laifinsa ba. Allon baya ma ya fara ruɓewa ta ƙasa inda aka toshe. Sun yi magana da kafinta cewa idan ruwa ya ja baya za a cire shi gaba ɗaya, a buga sabo mai santimita 51, a kuma ɗan ɗaga katakon ƙasa na ƙarshe don gindin ya riƙa sakin ruwa ko da lodi ya cika.